Kayan gwanjo sun taru a lungu: yaya zan mayar da su ma'ajiyar da za ta yi amfani?

"Assalamu alaikum. Ni ma'abociyar shiga shagunan kayan gwanjo ce. Duk lokacin da na ga kwando ko akwatin katako ko tsohuwar durowa mai araha sai in saya, da niyyar in gyara in riƙa adana tarkacen gida a ciki. Yanzu ga su nan jibge a lungu, gidan ma ya ƙara cunkushewa. Guda biyun da na yi wa fenti, ɗaya fentin sai ɓarewa yake yi, ɗayan kuma har yau warin tsufa bai bar shi ba. Me ya kamata in riƙa saya, me zan bari, kuma yaya ake gyaran ya yi ƙarko? Ina da yara ƙanana a gida."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki, abu uku kike tambaya: me ya sa kayan da kika saya don su rage tarkace su ma suka zama tarkace, me ya sa aikin da kika yi bai kama ba, sannan wane irin tsohon kaya ne ya halatta a shigo da shi inda yara suke. Sana'ata gyaran tsofaffin kayan ɗaki ce da shirya wa mutane wuraren ajiya, kuma na fi ɗaukar tambayar farko da muhimmanci, domin idan ba a warware ta ba, ko fentin ya fito tas ba a yi komai ba.

Inda matsalar ta faro

Kin sayi mazubi kafin ki san abin da za ki zuba a ciki. Kusan duk gidan da aka kira ni aikin shirya kaya, nakan tarar da kwanduna da akwatunan da ba kowa a cikinsu sun ci wuri fiye da kayan da ake kuka da su. Dalilin a bayyane yake. A shago kyau da araha ne suke jan ido, a gida kuwa girma da siffa ne suke aiki. Kwandon da ya fi kantar da za a ɗora shi faɗi da santimita 2 kacal ba zai shiga ba, komai kyansa, daga nan sai ya koma lungu.

Saboda haka ki dakatar da saye tukuna. Ki zaɓi wuri ɗaya da yake damunki, ko bakin ƙofa inda takalma da makullai suke warwatse, ko teburin da wayoyin caji suka cukurkuɗe. Ki fito da duk abin da ke wurin, ki ware wanda ba a amfani da shi ki rabu da shi, domin abin da bai kamata ya zauna a gida ba bai cancanci a saya masa akwati ba. Abin da ya rage ki haɗa shi iri-iri, ki ga yawansa da idonki. Sai ki ɗauko tef ɗin awo ki auna wurin: tsawo, faɗi, zurfi. Ki auna kuma abu mafi girma da zai shiga ciki. Ki rubuta a waya ko a 'yar takarda, ki jefa tef ɗin a jaka. Da wannan takardar za ki shiga shago, kuma abin da ba ya cikinta ki wuce shi ko da kyauta ake rabawa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake bi a wurin zaɓe: abin da ake ɗauka kullum yana son mazubi marar murfi, marar zurfi, wanda hannu ɗaya zai isa. Abin da sai shekara-shekara ake nema shi ne na akwati mai murfi a can sama. Yara musamman ba sa buɗe murfi su mayar da abu, amma za su jefa shi a buɗaɗɗen kwando. Mazubi mai kusurwa huɗu ya fi mai da'ira cin moriyar wuri. Mazubi mai zurfi sosai kuma yakan binne ƙananan abubuwa har a manta da su a sake sayen wasu.

Abin dubawa kafin ki biya kuɗi

Ki fara da sanin da me aka yi abin. Katakon asali yana da jijiyoyin itace da suke zagayowa har gefensa da bakinsa. Shi ne mafi daɗin aiki: yana karɓar samfefa, wato takardar goge katako mai kaushi, yana riƙe sukuru, idan haɗinsa ya saki gam ɗin katako ya ishe shi. Filawud, wanda za ki ga falle-falle a gefensa, shi ma abin saye ne. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne allon da aka matse da garin katako da gam, irin wanda ake kira MDF da danginsa, da aka lulluɓe da fomeka, wato siririn falle mai santsi, ko takarda mai zanen itace. Muddin a bushe yake kuma bai karye ba zai yi aiki. Amma idan ya taɓa shan ruwa ya kumbura, ba ya komawa daidai har abada, kuma ramin sukurun da ya zarme a jikinsa wuyar gyara gare shi. Ki duba ƙafafu da ƙasan abin, can ne ruwa yake fara kamawa.

Ki girgiza shi. Motsi kaɗan a mahaɗa abu ne mai sauƙi. Tsagewar da ta ratsa ƙafa ko allon da ya murɗe, wannan aikin kafinta ne, kuma kuɗinsa yakan haura kuɗin sabo. A nan ne maganar araha ba ta ado take tabbata. Ki zaro kowace durowa gaba ɗaya, ki kifa ta, ki haska cikin ramin da fitilar waya. Kina neman abu biyu. Na farko ƙananan huji masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da garin katako mai haske yana zubowa daga ciki, alamar ƙwaron da ke cin katako yana nan da ransa. Na biyu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar na bakin biro a lunguna da mahaɗai, ko ɓawon ƙwaro, wato alamar kuɗin cizo. Idan kika ga na biyun, ki ajiye ki tafi. Ba wata durowa da ta kai darajar wahalar fitar da kuɗin cizo daga gida.

Sannan ki sa hanci a ciki. Warin ƙura da na daɗewa a rufe yana fita. Warin fitsarin dabba, da hayaƙin taba na shekaru, da fumfunar da ta ratsa yadi ko kwali, waɗannan sukan fi ƙarfin mai gyara a gida. Ƙarfe kuwa, tsatsar da ke sama ba komai ba ce. Wadda ta ci har ƙarfen yana ɓarɓashi ko ya huje ita ce ta gama da shi. Tsohuwar roba da ta dushe ta yi fari saboda rana ta riga ta yi gautsi, za ta tsage da ƙaramin nauyi.

Tunda akwai yara a gidan

A nan zan ɗan tsaya, don wannan ya fi kyan ɗaki muhimmanci nesa ba kusa ba.

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta fentin gida mai dalma a 1978, ƙasashe da yawa sun yi nasu dokokin can daga baya, wasu har yanzu ba su yi ba, kuma kayan gwanjo ba sa zuwa da takardar tarihinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba yake tsotsa daga dalmar da aka haɗiya. Illar tana kan ƙwaƙwalwa, ba ta kuma warwarewa. Hanyar da ta fi shiga jiki ita ce ƙura, wato daidai abin da samfefa take tayarwa. Don haka tsohon fenti mai kauri, mai tsattsagewa kamar fatar kada, kada ki goge shi a bushe, kada ki ƙona shi don ya ɓare. Ana sayar da tsinken gwaji da yake sauya launi idan ya taɓa dalma, yana taimakawa, amma yakan yi kuskure, musamman idan fentin mai dalmar yana ƙarƙashin wasu. Tabbas sai ɗakin gwaji. Ni daga hoto ko bayani ba zan iya ce miki wannan lafiya lau yake ba. Abin da nake gaya wa masu yara shi ne su sayi katakon da ba a taɓa fentawa ba, ko mai man ƙyalli kawai, ko ƙarfe tsura, ko gilas. Tsofaffin tangaran masu ado ma kwalliyar jikinsu takan ƙunshi dalma, a zuba musu maɓallai da allurai, ban da abin ci.

Na biyu, tsohon akwati mai makullin da yake datsewa da kansa idan murfi ya faɗa. A 1996 kamfanin Lane na Amurka ya yi shelar sauya makullan akwatunansa na katako kusan miliyan 12, waɗanda aka ƙera tsakanin 1912 da 1987, bayan yara sun shiga ciki suna wasa murfin ya datse sun rasa iska. Irin waɗannan akwatunan har yau suna yawo a shagunan gwanjo. Duk akwatin da yaro zai iya shiga, ko na wane kamfani ne, ki kwance makullinsa tun ranar da ya shigo, ki huda masa ramukan iska a baya, ki sa wa murfin abin tokarewa don kada ya faɗo wa yatsu.

Na uku, faɗowar kaya. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyin tufafi kimanin miliyan 29 a Amurka saboda sun kife kan yara har an rasa rayuka. Yaro yakan zaro durowa ya taka ta kamar matakala, nauyin ya rinjayo gaba. Duk abin da ya kai ƙugunki tsawo ki ɗaure shi da bango da ƙarfen kusurwa ko maɗauri, ki kuma sa kaya masu nauyi a ƙasa.

Wanki, ƙwari da wari

Abin da kika sayo kada ya wuce kai tsaye ɗakin kwana. Ki bar shi a waje ko a wani wuri daban ki tsabtace shi tukuna. Kuɗin cizo da ƙwansa suna mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 50 a ma'aunin Salsiyos ya kuma ratsa abin har tsakiya. Yadi a wanke shi da ruwa mai digiri 60. Ƙananan kaya a ƙulle su a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na kwana 4. Shanyawa a rana cikin baƙar leda tana taimakawa, sai dai ba a dogara da ita ita kaɗai, don sama yana iya ɗaukar zafi tsakiya kuma da sanyinsa.

Katako ana goge shi da tsumma mai ɗan danshi da sabulun wanke kwanuka, ba a jiƙa shi. Kwandon saƙa a bi shi da burushi a bushe, sannan tsumma mai laima, a bar shi ya bushe sarai a inuwa mai iska. Ƙaramin ƙarfe mai tsatsa a jiƙa shi cikin ruwan khal ya kwana, a goge da soson ƙarfe, a ɗauraye a busar nan take, a shafa masa mai ko fenti a ranar, in ba haka ba tsatsar za ta dawo kafin gobe. Kada ki taɓa haɗa bilic, wato sinadarin da ake faranta kaya da shi, da ruwan khal, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Yanzu ga abin da ya faru da naki mai warin. Katako yana shan wari ya riƙe a cikin jikinsa, fentin ruwa kuma ba ya toshe shi, warin yana ratsowa. Mai yiwuwa ma waje kawai kika fenta, alhali warin daga ciki yake, inda katakon yake tsirara. Ki zare durowoyin, ki wanke cikin, ki bar komai a buɗe cikin iska kwanaki. Ki sa gawayi a ciki ki rufe na mako guda. Idan duk da haka yana nan, maganin da na fi amincewa da shi shi ne shelak, wani man katako da ake narkawa da sifirit. Shafi biyu a duk fuskokin ciki, har ƙasan durowa da bayanta, yana kulle warin. Idan bayan wannan bai daina ba, ki mayar da shi ma'ajiyar kayan aiki a waje, kada ki sa tufafi a ciki.

Me ya sa fenti yake ɓarewa

Sababin ba ya wuce huɗu: maiƙo ko man goge kaya a jikin abin, santsin da ba a kashe ba, fentin ruwa a kan tsohon fentin mai ko fomeka ba tare da shimfiɗa ba, ko gaggawa. Fenti yana bukatar abin kamawa. Bayan wanki, ki bi jikin da samfefa mai lamba 120 zuwa 180 (lambar da ke nuna laushinta), ba don ki cire tsohon shafin ba, don ƙyallin ya dushe kawai. Ki share ƙurar tas. Ki yi shafin farko da firaima, wato fentin shimfiɗa, kuma idan fomeka ce ko ƙarfe ki nemi wanda aka rubuta an yi shi don wuri mai santsi. Sai fenti shafi biyu marasa kauri, a ɗan bi tsakaninsu da samfefa mai lamba 220. Idan abin yana da siririn falle na itace mai kyau a sama, ki yi hattara, kaurinsa yakan gaza milimita 1, goga kaɗan ta wuce kima sai ki huda shi.

Gaggawar kuma ita ce wadda mutane ba sa yarda da ita. Fentin ruwa yana bushewa a hannu cikin awa ɗaya ko biyu, amma ba ya yin tauri sosai sai bayan mako 2 zuwa 4. Wanda ya ɗora littattafai washegari zai ɗaga su da fenti a manne. Naki da yake ɓarewa, kada ki ƙara wani a kai. Idan kin tabbata ba tsohon fenti mai shakku a ƙarƙashi, ki kankare duk inda ya saki, ki fara daga wanki.

Zan kuma faɗi ra'ayina, ko da wasu abokan sana'a ba za su so ba: yawancin tsofaffin kaya ba sa bukatar fenti. Katakon kirki da aka wanke aka shafa wa mai ko kakin katako ya fi kyau, ya fi jure ƙarzuwa, kuma aikin yini ɗaya ne. Ina baƙin ciki idan na ga an binne itace mai kyan jijiya ƙarƙashin farin fenti don kawai ana yayi. Fenti na abin da jikinsa ya riga ya lalace ne, ko na haɗa kan abubuwa mabambanta su yi kama da juna.

Me zai iya zama me

Tsohuwar durowa da ta rabu da uwarta ita ce abin da na fi so. A ɗaura mata ƙananan tayoyi huɗu ta shige ƙarƙashin gado da takalma ko kayan wasa, amma ki auna tsayin ƙarƙashin gadon ki cire tsayin tayoyin kafin ki saya. Marar zurfi kuma a kafa ta a bango, gindinta ya zama baya, ta zama kanta mai gefe. Tire da farantin ƙarfe ba sa bukatar ko taɓawa: a ajiye a bakin ƙofa ko kan madubi, abubuwa biyar da suke warwatse su zama abu ɗaya da za a ɗaga a goge ƙasansa. Firam ɗin hoto da gilashinsa ya fashe, a ja masa ragar waya a baya ya zama maratayin 'yan kunne. Hannayen ƙofa da na durowa, a jera su a kan katako ɗaya, sun zama maratayin jakunkuna. Tsanin katako da ya tsufa da hawa a jingine shi don tawul da mayafai, da sharaɗin a ɗaure samansa da bango. Kwalabe masu faɗin baki na ƙusoshi ne da zare da batura, a sa su inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Akwatunan katako na dakon kaya suna yin kanta mai kyau idan aka ɗora su aka haɗe da sukuru. Idan katakon falet ne da ake jigilar kaya a kai, ki duba tambarin jikinsa. HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, an kai tsakiyar katakon digiri 56 na minti 30. MB yana nufin an turara shi da wata iska mai guba, shi ba na cikin gida ba ne. Wanda yake da tabon mai ko na wani ruwa da ba ki san asalinsa ba, ki bar shi ko da tambarinsa mai kyau ne.

Nauyi da bango

Littattafai suna yaudara. Jerin mita ɗaya yakan kai kilo 20 zuwa 30. Allon garin katako mai kaurin milimita 18, idan tazarar da ke tsakanin matokaransa ta wuce wajen santimita 60, zai lanƙwashe a hankali ya zauna a haka. Katakon asali mai wannan kaurin yana kaiwa santimita 80 zuwa 90. Kauri yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin idan aka ninka kaurin allo, lanƙwasarsa tana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa siririn katako da aka manna a tsaye a bakin kanta yake ƙarfafa ta sosai. Gindin tsohuwar durowa kuwa siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar rataye ba. Idan za ki kafa ta a bango, sukurun ya bi ta katakon gefe ko ta wani katako da kika ƙara a ciki.

Bangon bulo ko siminti yana son huji da fulogin roba da sukuru mai tsawon da zai wuce filasta ya kama bulon kansa. Bangon allo mai rami a ciki sai an nemo ginshiƙan da ke bayansa. Kada a huda a saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa ko gefe, don nan waya take bi. Ban ga bangonki ba, saboda haka abu mai nauyi da zai rataya saman gado ko inda yara suke zama, ki kira kafinta ya kafa.

Kayan da suke lungu a yanzu, ki fito da su duka rana ɗaya tare da takardar awonki. Kowanne ki tambayi kanki wane wuri zai zauna, me zai shiga cikinsa. Wanda ya samu amsa kuma ya tsallake binciken ƙwari da na fenti, ki ajiye shi. Wanda bai samu ba ki mayar da shi shagon gwanjo ko ki ba mai bukata a cikin makon, kada ki jira ranar da dabara za ta zo. A cikin waɗanda suka rage ki fara da wanda wanki kaɗai yake bukata, ki sa shi a wurinsa ki cika shi, ki zuba ido mako biyu ki ga ko mutanen gidan suna mayar da kaya cikinsa. Idan ba sa mayarwa, ki matso da shi kusa da inda suke yar da kayan, ko ki cire murfin, kafin ki taɓa na biyu.